Likitoci uku, magana uku: yadda aka tabbatar da cutar siliyak a jikin wata malama a Zariya

## Wace ce, me take ci

Malamar firamare ce a Tudun Wadan Zariya, 'yar shekara 31 lokacin da abin ya fara, tana da 'ya'ya biyu. Ba ta taɓa kwanciya wata doguwar jinya ba. Abu ɗaya da ya yi ta fitowa a katinta na awo shi ne ƙarancin jini. A cikinta na fari da na biyu duk an ɗora ta a kan ƙwayoyin ƙarin jini, kuma duk jinin bai hau yadda ake so ba. Ba wanda ya kawo komai a ransa, don masu irin wannan sun cika layin awo.

Cimarta ta ma'aikaciya ce mai sammako: shayi da burodi kafin ƙarfe bakwai, cincin ko fanke idan an fita tara, taliya ko Indomie in ta dawo a gajiye, tuwon semo da dare saboda ya fi saurin tuƙuwa. Duk alkama ce. A gidan iyayenta a cikin birni kuwa tuwon dawa da fate ta tashi tana ci, alkama sai da sallah ko biki, a alkaki da funkaso.

## Shekarar farko, Janairu zuwa Yuni: taifot, olsa, basir

Ciwon ya taso wajen wata biyu bayan ta yaye ƙaramin ɗanta. Gudawa sau uku ko huɗu a rana, ta tsaya kwana biyu ta dawo. Bayan gidan mai maiƙo ne da wari, ga kumburin ciki da yamma har sai ta sassauta zani, ga ƙuraje a baki. Kasala kuwa, tana rubutu a allo hannu zai gaji kafin ta kai ƙarshen layi.

A wani asibitin kuɗi na unguwa aka yi mata gwajin Widal, aka ce taifot ne, ta sha magani na kwana goma. A Maris aka sake gwajin, aka sake cewa taifot. Gwajin Widal guda ɗaya a ƙasar da taifot ya zama ruwan dare yakan nuna alama ko a jinin mai lafiya, amma shi ne mai araha, shi ake yi. Da aka ga shiru sai aka koma kan olsa, daga nan maganin tsutsar ciki.

A farkon Afrilu PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jini, 27 ne cikin ɗari, alhali ana son na mace baliga ya kai 36. Ta sha ƙwayoyin ƙarin jini wata uku ba fashi. Ƙarshen Yuni aka auna: 28. Nauyinta ya sauko daga kilo 58 zuwa 51. A gida an riga an yanke cewa basir ne, wasu suka ce shawara, ta sha jiƙo iri-iri.

## Yuli: kiran waya da gwajin farko

Yayanta ma'aikacin jinya ne a Saudiyya, inda ya saba ganin masu irin wannan ciwo. Da ya ji labarin jinin sai ya ce: "Ƙanwata, jinin da ya ƙi hawa duk da magani, hanji ne ba ya tsotsa. Ki bar duk abin da aka yi da alkama, ki kuma ce wa likita ya yi miki gwajin siliyak."

Rabin farko na maganar ta ɗauka a ranar. Rabi na biyu sai da albashi ya shigo, bayan mako uku.

Siliyak ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi ƙaramin hanji duk sa'ad da mutum ya ci gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir da wani danginsu na ƙasashen sanyi. Cikin ƙaramin hanji kamar sabon tawul yake, cike da 'yan ƙananan gashi masu tsotse amfanin abinci, cutar kuwa takan cinye su har wurin ya yi sumul. Ɓarnar ta fi yawa a farkon hanjin, daidai inda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe da yake haɗa jini da shi. Shi ya sa ƙwayoyin suke shiga su wuce.

Sunan gwajin tTG-IgA. Ɗakin gwajin aikawa ya yi wani gari, sakamako ya dawo bayan mako biyu: lambar ta ninka iyakar lafiya sau uku. Likitan unguwa ya duba ya ce: "Malama, siliyak ce. Ki rabu da alkama har abada. Maganar zura kyamara a duba hanji kuma ki bar ta, kuɗi kawai za ki kashe, tunda ga shi kin fara samun sauƙi." A katin babu inda aka rubuta cewa ta yi mako uku ba ta ci alkama ba kafin a ɗebi jinin.

## Agusta zuwa Disamba: sauƙi a jiki, rigima a gida

Gudawa ta tsaya, kumburi ya sauka. Zuwa Disamba nauyi ya kai kilo 55, PCV 32. Irin wannan sauƙi ne ya taimaka wajen tona asirin cutar: likitan yara Willem Dicke na ƙasar Holan ya lura yaran da ke fama da ita sun murmure a yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, suka sake kwantawa da ya dawo, ya kuma rubuta bincikensa a 1950.

Ba wanda ya zauna ya lissafa mata abin da za ta iya ci, don haka tsoro ya tsare ta a kan shinkafa, doya, dankali da wake. Tukunya biyu ake ɗorawa. A gidan biki ta mayar da alkaki, aka ce iyayi ne na 'yan boko. Uwar mijinta ba ta ɓoye nata ra'ayin ba: "A zuri'armu kaf ba mu taɓa jin wanda burodi ya kwantar ba." Maigidan, wanda ke tsakiya, ya ce a je a ji ta bakin babban likita.

## Shekara ta biyu, Janairu: likita na biyu

Dattijo ne da ya daɗe yana aiki, dangin mijin sun yarda da shi. Ya duba ta da kyau, ya sa aka sake gwajin a wani ɗakin gwaji daban. Sakamako ya fito lafiya lau, ƙasa da iyaka.

"'Yata, ba ki da wannan cutar," in ji shi. "Cutar Turawa ce, mu nan ba mu cika ganinta ba. Na farkon kuskuren ɗakin gwaji ne. Hanjinki ne mai saurin tashi, ga aiki ga damuwa. Je ki ci abincinki, kada ki kashe kanki da yunwa."

Ta gaya masa ta bar alkama wata shida. Ya ji, amma ya ɗauke shi a matsayin ɗabi'ar da ya kamata a gyara mata, bai haɗa shi da takardar da ke gabansa ba.

## Fabrairu zuwa Afrilu: komawa burodi

Mako biyun farko babu abin da ya faru, a gida aka ce to kun gani. A mako na huɗu kumburi ya dawo, a na shida gudawa. Tsakiyar Afrilu nauyi 52, PCV 29. Ta sake barin alkama a ɓoye. Yanzu takardu biyu ne a hannunta, yaya na cewa ta riƙe ta farko, miji na cewa ta biyu, a makaranta kuma an fara ƙorafin fashi. Ta nemi a tura ta wajen ƙwararrun ciwon ciki da hanji a wani babban asibitin gwamnati.

## Ƙarshen Afrilu: likita ta uku

Ta je da duk takardunta a leda. Likitar ta baje su a tebur, ta jera su bisa kwanan wata, sannan ta riƙa ɗaga kowace tana tambaya ɗaya: "A makon da aka ɗebi wannan jinin, me kike ci?" Amsar take rubutawa da biro a saman takardar. A ta Yuli ta rubuta: mako uku babu alkama. A ta Janairu: wata shida babu alkama.

"Malama, takardun nan ba su saɓa wa juna ba," ta ce. Gwajin yana ƙirga sojojin da jiki ke ƙerawa ne yayin da yaƙin ke gudana. In an janye alkama, sojojin sukan ragu a hankali har su ɓace cikin watanni. Mai siliyak da ya yi wata shida yana kiyayewa, abin da ake fata ke nan a gani a jininsa: lamba ta sauka.

"To Likita, na farkon ne ke da gaskiya ke nan?"

"Mai yiwuwa. Amma ninki uku bai isa in yanke miki hukuncin rayuwa ba." Ƙaramin hawa irin wannan ana iya ganinsa a ciwon hanta, ko ciwon sukari nau'i na ɗaya, ko ƙwayar giyadiya da ake sha a gurɓataccen ruwa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai ta fitar a 2020 ta yarda a tabbatar da cutar ga yaro ba tare da kyamara ba, amma sai lambar ta ninka sau goma ko fiye, an kuma sake tabbatarwa da wani gwajin a jini na biyu. Ga babba kuwa, hanyar da aka saba ita ce a zura kyamara ta baki a gutsuro ɗan naman hanji a duba. Shi ma wannan sai mutum yana cin alkama, don hanjin da ya huta yakan warke ya ɓoye shaidar.

Nan ta zo da magana ta uku, wadda ta fi sauran ɗaci: malama ta koma cin burodi, yanka biyu zuwa uku kullum, har mako shida, da gangan. Malamar ta yi kuka a wurin. An duba wasu hanyoyin. Akwai gwajin ƙwayar gado, HLA-DQ2 da DQ8, wanda ba ruwansa da abin da ake ci. Sai dai yana da tsada, kuma amfaninsa kore cutar ne kawai: wanda ba shi da su da wuya ya kamu, amma wajen kashi ɗaya cikin uku na mutane a ƙasashen da aka auna suna ɗauke da su kuma yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Akwai kuma zaɓin ta ci gaba da ƙaurace wa alkama ba tare da tabbaci ba. Ta ce ta gaji da zama tsakanin takardu biyu, za ta ci.

## Mayu da Yuni: mako shida da kyamara

Ta tsara cin burodin bayan an tashi makaranta da kuma dare, don ta iya tsayuwa a aji. Makonni uku na ƙarshe sun yi mata wuya, nauyi ya sauka zuwa 50.

A ƙarshen mako na shida lambar tTG ta ninka iyaka sau 11. An auna jimillar IgA a jininta, wato nau'in sojojin garkuwa da gwajin ke dubawa, wanda ba a yi a baya ba, aka ga daidai yake. Dalilin aunawar shi ne mutum 2 zuwa 3 cikin 100 na masu siliyak ba su da isasshen IgA, kuma gwajinsu yakan fito lafiya alhali suna da cutar. An duba bayan gida sau uku ba a ga giyadiya ba, gwajin HIV da hoton ƙirji duk lafiya. A ɗakin kyamara an gutsuro wuri shida, biyu daga bakin hanjin, huɗu daga gaba kaɗan, saboda ɓarnar ba ta bin ko'ina bai ɗaya. Rahoto ya ce gashin hanjin ya shafe sosai, mataki na 3b a ma'aunin Marsh da ake auna ɓarnar hanji da shi. A ƙasa mai duba naman ya ƙara cewa wasu cututtukan ma suna kawo irin wannan kama, a haɗa da sakamakon jini.

Wannan layin na ƙasa ya kusa tayar da sabuwar ƙura. Maigida ya tura hoton rahoton ta WhatsApp ga wani abokinsa likita, shi kuma ya ce wani ciwon hanji ne na ƙasashen zafi da ake magancewa da antibayotik da folik asid na watanni, a gwada wannan tukuna. Maganarsa tana da tushe, don a inda ruwan sha ba shi da tsabta shafewar gashin hanji ba baƙon abu ba ne. Likita ta uku ta ce a zo da maigidan. Ta nuna masa cewa wancan ciwon ba ya ninka tTG sau 11, kuma ba ya tafiya in an bar burodi ya dawo in an koma, har sau biyu. Jini, nama da tarihi duk wuri ɗaya suka nuna. Aka rubuta siliyak a kati. Da ya koma gida, abin da ya gaya wa mahaifiyarsa gajere ne: "Hajiya, yanzu fa an leƙa cikin an gani."

## Yuli zuwa Nuwamba: inda alkama ta ɓuya

Mai ba da shawarar abinci ta asibitin ta buɗe mata hanya: gero, dawa, masara, acca, shinkafa, doya, rogo, wake, gyaɗa, nama, kifi, ƙwai, duk nata ne. Madara da nono ta rage na ɗan lokaci, don hanjin da ya ji ciwo ba ya narkar da su sosai sai ya warke. Fate da tuwon dawa suka dawo gidan.

Amma bayan wata huɗu kumburi bai tafi ba, PCV 31, tTG ninki biyar. Wani mai kemis ya ce mata ai ragewa ake yi ba dainawa ba, ɗan kaɗan ba ya komai. Ma'aunin duniya na hukumar ƙa'idojin abinci ta Codex kuwa bai yarda a kira abinci marar gulutin ba sai bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, wato ɓurɓushi ma yana cikin lissafi. Aka ce ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta na kwana bakwai, da inda ya fito.

Abu na farko da ya fito ya ba kowa kunya. Tun da Hajiya ta sakko, kullum da dare sai ta aiko da lemon malt a haɗa da madarar gwangwani, wai don jini ya hau. Da sha'ir ake yin malt, a jikin kwalbar ma an rubuta. Sai ɗanwaken maƙwabta da ake haɗa garinsa da fulawa, masar bakin titi da mai yi ke ƙara wa ɗan semo don ta yi laushi, da ƙosan da ake soyawa a man da aka soya fanke.

Babban kuwa inji ne. A karon farko da ta bar alkama shinkafa da doya take ci, ba ruwanta da niƙa. Yanzu da gero da dawa suka dawo, komai ta injin unguwa yake bi. Ranar wata Asabar ta bi yaron da ke kai niƙa. A gabansu wata mata ce da roba cike da alkamar funkaso. Mai inji ya gama nata, ya bubbuga bakin injin da tafin hannu sau biyu, ya juye dawar malama. Garin da ya fara zubowa fari ne tas, sai daga baya ya koma launin dawa.

An gwada zuwa da sassafe kafin kowa, bai yi ba, don ragowar jiya tana ciki. An gwada fara zuba gwangwani biyu a ware wa sauran 'yan gida, ya rage amma kumburin bai ɗauke ba. Daga ƙarshe yayan ya turo kuɗi aka sayi ƙaramin injin niƙa na gida. Hatsin da aka auno a kasuwa sai an tsince an wanke, tunda mudu ɗaya ke shiga kowane buhu. Aka ware mata rariya da muciya da madambaci nata, dunƙulen ɗanɗano da duk abin gwangwani kuma sai an karanta jikinsu.

## Shekara ta uku, Yuni

Nauyi kilo 59, PCV 37, tTG ƙasa da iyaka. An tsayar da ƙwayoyin ƙarin jini, fura da nono sun dawo. Sau ɗaya ta zame, a wajen suna, da naman kazar da aka turbuɗa a fulawa kafin a soya, ta yi kwana uku tana jin jiki.

## Me ya jawo saɓanin, me ya warware shi

Mafi yawan saɓanin daga jerin lokaci ya fito. Shawarar yayan daidai ce a kan cutar, amma ta zo a juye: da an ɗebi jinin kafin ta bar alkama, an kuma yi kyamarar a watan, da an gama magana tun Agustan shekarar farko. Likita na farko ya canki cutar, sai dai ya rufe ƙofar tabbatarwa don ya tausaya wa aljihunta, kuɗin da ta kashe daga baya kuwa ya fi na kyamarar. Ya kuma sallame ta ba tare da jerin abin da za ta ci ba, abin da ya sa cimarta ta ƙuntata har gida ya ga kamar yunwa take wa kanta.

Kuskuren na biyu ya fi nauyi, don shi ya mayar da ita kan abin da ke cutar da ita. Gaskiya ne ba a cika ganin siliyak a asibitocinmu ba, amma ba a cika nemanta ba ma, kuma cimar birni ta koma alkama a cikin ƙarni ɗaya. A duniya ana ƙiyasta mutum 1 cikin 100. Ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a Afirka ne: a 1999 Carlo Catassi da abokan aikinsa suka ba da rahoton kashi 5.6 cikin ɗari a yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, mutanen da burodi ya zama babban abincinsu.

Likita ta uku ba wani gwaji ta fara da shi da sauran ba su sani ba. Takardun da suka gani ta gani, ta dai rubuta abincin kowane lokaci a kansu. Wannan aiki ne da majinyaci zai iya yi da kansa kafin ya shiga ofishin kowane likita. Bayan nan kuma malamar ta tsaya a hannun likita ɗaya, duk wata sabuwar magana, ta WhatsApp ko ta kemis, wajenta ake kai ta a auna.

Ko mako shidan nan sun cancanci wahalarsu? Ga wanda alkama ke kwantarwa warwas, ko mace mai ciki, likita na iya cewa a'a. A nan na ga sun cancanta. Ba don rahoton naman ba, da a watan Nuwamba, da kumburi ya ƙi tafiya, an ce dama ba siliyak ba ce, ba kuma wanda zai bi yaro zuwa inji. Rahoton ne kuma ya ba da hujjar duba 'ya'yanta, tunda wajen 1 cikin 10 na 'ya'ya da iyaye da 'yan'uwan mai cutar sukan kamu. Ƙaramin an gwada shi, lafiya. Babbar, mai shekara takwas, ta fi 'yan ajinsu ƙanƙanta, an ba ta ranar ɗibar jini a hutun ƙarshen zango, an kuma gargaɗi kowa a gidan, har Hajiya, kada a hana ta burodinta na safe kafin ranar.